Ranar da Bijimi Ya Zaɓa wa Baba Tuba

Akwai wata Alhamis a kasuwar Maigatari da ko tsufa ya sa na fara rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta da ita. Shekaru sun ja, amma har yau in na ji sa ya yi kuka mai kauri sai gabana ya faɗi, in tsaya cak da abin da ke hannuna. 'Ya'yana su yi ta dariya, wai Mama mai tsoron saniya. Ina ƙyale su ne kawai, don wanda bai ga abin da na gani ba yana da damar yin dariya.

Mahaifinmu ɗan badujala ne. Aikin ɗan sanda ya yi, amma ni dai ban taɓa jin ya kama ko ɓarawon kaza ba, duk shekarunsa a cikin masu kiɗan fareti ya yi su. Abin busarsa kuwa tuba ce. Ga wanda bai san ta ba, ita ce ƙatuwar nan ta tagulla da ake runguma a can bayan sahu, mai baki kamar daro, wadda in aka busa ta a ciki kake jin ƙarar kafin ta zo kunne. Da ya yi ritaya ya dawo gida Gumel, sai ya haɗa kai da wasu tsofaffin abokan aikinsa suka riƙa zuwa faretin makarantu da bukin ranar yara, yau suna Gagarawa, gobe Sule Tankarkar. Tubarsa tsohuwa ce, Giwa yake ce mata, kuma ta ci sunanta. Na taɓa gwada ɗaga ta ina budurwa, sai da Innarmu ta gasa mini ƙugu da ruwan zafi.

Baba yana da doka guda da ba ya karyawa: ba ya busa a zaune. Ko gwaji ake yi a zaure, abokansa na kan benci, shi yana tsaye. Ni ce babbar 'yarsa, sunan mahaifiyarsa gare ni, saboda haka Uwata yake kirana, kuma ni kaɗai ke iya yi masa gardama. Duk sa'ad da na ce ya zauna, amsarsa ɗaya ce: “Uwata, mai tuba ginshiƙi ne. Kin taɓa ganin ginshiƙi a kan kujera?”

To, ginshiƙin nan a gabana ya faɗi. A wani fareti ne a Sule Tankarkar, na kai ɗalibaina, domin koyarwa nake a firamare. Ana tsakiyar taken ƙasa, kowa ya ƙame, sai na ga gwiwar Baba ta hagu ta lanƙwashe a hankali. Ya tafi gaba ɗaya shi da Giwa. Ƙarar da tagullar nan ta yi da ta bugi ƙasa, har yau ina jin ta. Allah ya taƙaita, goshinsa ne ya fashe kawai. Amma likita ya faɗa mana ba ɓoye-ɓoye cewa ƙashin bayansa da gwiwarsa sun gaji, in ya ci gaba da tsayuwa da kaya mai nauyi irin wannan, faɗuwa ta gaba ba lalle ne ya tashi ba.

Muka tura Giwa ƙarƙashin gadon Inna, muka ce an gama. Mu a ganinmu mun ceci tsoho. Sai ga shi yana narkewa a gabanmu. Abinci sai an yi da gaske, hira ta ɗauke, mutumin da muryarsa ke cika unguwa ya koma sallama ma da ƙyar. In ka leƙa zaure sai ka same shi zaune yana kallon bango, yatsunsa uku suna dannawa a kan cinyarsa kamar suna kan maɓallan tuba. Abin yana ba ni tausayi ƙwarai, amma tsoro ya fi tausayin ƙarfi. Na gwammace in gan shi zaune cikin baƙin ciki da in sake ganin goshinsa a ƙasa.

Ana nan sai wani abokinsa ya kawo labarin cewa akwai wani mutumin Damagaram a Maigatari, tsohon ɗan badujalar soja ne a can Nijar, yana sayar da kayan busa na hannu, har da tuba marar nauyi. Ranar Baba ya cinye tuwonsa tas. Ya ce Alhamis zai je, tunda ranar kasuwa ba a wahalar mota. Inna ta ja ni ɗaka ta rage murya, ta ce, “Ki nemi izinin maigidanki ki bi shi. Ke yake jin maganarki. Duk wadda ya ɗaga, ki ce ba ta yi ba.” Na ce ta kwantar da hankalinta, in dai kushe ne ai gida ta zo.

Muka shiga motar haya da hantsi. Lokacin ana gab da Babbar Salla, hanya cike da tireloli da babura, ga rana kamar ta narka kwalta. Maigatari kuwa ba masaka tsinke. Shagon mutumin yana can bayan kara, wato inda ake cinikin shanu, kusa da wurin da ake loda su a mota. Tsakanin shagon da wurin lodin akwai wani fili fetal, sai wata bishiyar darbejiya a can gefe inda masu fura da nono ke zama.

Mai shagon dattijo ne dogo, mai fara'a. Da jin cewa Baba ɗan badujala ne sai ya miƙe ya sara masa, suka rungume juna kamar sun shekara da sabo. Ya fito da tuba uku. Ta farko ƙanwar Giwa ce sak. Na ga idon Baba ya yi haske, kafin ya miƙa hannu na ce, “Baba, wannan ai gara ta gida.” Ta biyu ma tagulla ce amma ƙarama. Ya rataya ta, ya ɗan tsaya, sai na lura igiyar ratayar tana janyo wuyansa gaba, nauyin duk ya taru a hannu da ƙugu. Wannan ko ban yi magana ba shi da kansa ya sauke ta yana cije baki.

Ta uku ce ta ba ni matsala. Fara ce, ba ta ƙarfe ba, irin robar nan mai tauri da ake yin tankin ruwa da ita, maɓallanta ne kawai na tagulla. A naɗe take, mutum zai zura kansa da hannunsa a ciki ta zauna masa a kafaɗa, bakinta kuma ya tashi sama da kansa yana kallon gaba.

Baba ya dube ta a wulaƙance. “Wannan ai bahon wankan jarirai ne.”

Mai shagon ya yi dariya, ya kira shi Mushe, wato Malam a bakin mutanen Nijar. “Mushe, gwada ta dai. Don masu tafiya da masu tsayuwa aka yi ta. Kafaɗa ke ɗauka, hannu ba ruwansa sai danna maɓalli.”

Na sa hannu na ɗaga ta don in sami abin faɗa, sai ta taso mini kamar kwandon da ba komai a ciki. Na duba sama na duba ƙasa, na rasa aibi. Daga ƙarshe na ce, “Farin abu dai saurin datti gare shi.” Baba ya kalle ni ta gefen ido, ya ce, “Uwata, ke da uwarki kun yi shawara ke nan.” Na sunkuyar da kai.

Masu wannan sana'a suna da yadda suke gwada abin busa, kuma Baba ba ya tsallake ko ɗaya. A cewarsa tuba a cikin ɗaki maƙaryaciya ce, bango ke ƙara mata murya. Sai an fita fili, mai busa ya tsaya a tsaye, a tura wani can nesa ya saurara, in muryarta ta isa can da kaurinta to ta yi. Mai shagon ya ce shi a ciki yake gwadawa, ƙofa a rufe. Ya ƙara da cewa, “Yau kasuwa ce fa, Mushe.” Baba ya ce kasuwa ai ta saba da hayaniya. Kunyar babba ta hana mutumin ja, mu kuma 'yan cikin gari ne, tunaninmu bai wuce kada a dami mutane ba. Ba wanda ya tuna cewa akwai masu kunne a wurin nan da ba mutane ba.

Baba ya zura farar tubar, ya taka zuwa tsakiyar filin. Ya nuna mini darbejiyar nan ya ce in je can in saurara. Na tafi ina gunaguni, na tsaya kusa da wata Bafillatana mai nono. Daga inda nake ina ganin Baba, ina kuma ganin wurin lodi ta gefensa, inda wasu ƙarti ke fama da wani jan bijimi irin na Bararo, mai ƙahoni kamar an buɗe hannuwa biyu. Sun sa masa igiya suna ja, shi kuma ya kafe ya ƙi hawa tirela.

Baba ya gyara tsayuwa, ya ja numfashi, ya saki murya mafi kauri da tubar ke da ita, ya ja ta da tsawo.

Wallahi ta isa. Har a tafin ƙafata na ji ta. Kara ta yi tsit na ɗan lokaci, sai shanu suka ɗauka gaba ɗaya. Bafillatanar nan ta dafe ƙirji ta ce, “Subhanallahi, wa ke kiran faɗa?” Ban gane nufinta ba sai da na ga jan bijimin ya ɗaga kai ya mayar da amsa, da murya irin wadda Baba ya yi sak. Ya fizge kansa sau ɗaya, mutanen da ke riƙe da igiya suka zube. Ya juyo ya nufo filin.

Baba bai gani ba. Bakin tubar ya tare masa gefen, ƙararta kuma ta cika masa kunne. Sai ma ya sake jan numfashi ya ƙara busawa. Na buɗe baki in yi ihu, murya ta ƙi fita. Mutane suka watse, masu talla suka zubar da kaya, wani ya haye kan tirela, mai shagon ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗora hannu a ka. Filin nan ya zama ba kowa sai tsoho ɗaya da bijimi. Sai da ƙasa ta fara girgiza a ƙafarsa sannan Baba ya cire baki ya waiwayo.

Ƙarar na ɗaukewa bijimin ya ja birki. Tsakaninsu bai fi tsawon tabarma biyu ba. Ina jin ya zo neman ɗan'uwansa bijimi ne ya tarar da wata halitta mai ƙafa biyu da farin baki a sama, ya rasa ta inda zai fara. Ya sunkuyar da kai yana huci, yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, yawu na zuba.

Na zabura zan ruga wurin Baba, ban san me zan je in yi ba. Bafillatanar ta damƙe hijabina ta baya, ta fizgo ni har na zauna a ƙasa. Ta ce, “Ke 'yar nan, in kika gudu kin kashe shi. Zauna!”

Sai wani dattijon Bafillace, wanda daga baya na ji shi ya kiwata bijimin, ya fito daga cikin kara da sandarsa a kafaɗa. Bai yi gudu ba. Ya yi magana da murya a kwance, amma kowa ya ji: “Baba, kada ka motsa. Kada ka ba shi baya, kada ka durƙusa. In ya ga ka yi ƙasa, zai hau ka. Tsaya yadda kake har mu zagayo.”

Tsaya yadda kake. Duk kasuwar nan ni kaɗai na san abin da wannan magana ke nufi. Mutumin da ya kasa kai ƙarshen taken ƙasa a tsaye, shi ake ce wa ya tsaya da kaya a kafaɗa har sai an zagayo. Zagayowar kuwa ba ta gaggawa ba ce, domin sai masu igiya sun bi ta bayan tireloli a hankali, ba gudu ba hayaniya, kada bijimin ya ankara. Idona ya sauka a kan gwiwar Baba ta hagu, ban ƙara ɗauke shi ba. Ina ganin wandonsa yana rawa a daidai wurin. Gumi ya jiƙa masa riga har ta manne a baya. Na karanta duk addu'ar da na sani, na dawo na sake, har na koma ba abin da nake iya faɗa sai “Ya Allah, gwiwar nan. Ya Allah, gwiwar nan.” A raina har na fara tunanin da wane baki zan shiga gida in gaya wa Inna.

Baba kuwa ya haɗe dugadugansa, ya miƙe ƙirji, ya kafe idonsa a sama da kan bijimin, tsayuwar fareti sosai. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Masu lissafi sun ce ba a daɗe can ba, ni dai a wurina na tsufa a gindin darbejiyar nan. Dattijon yana ta matsowa kaɗan-kaɗan yana yi wa bijimin magana da Fillanci, yana kiran sa kamar mai lallashin yaro. Bijimin ya karkaɗa kunne, ya dubi mai shi, ya sake duban Baba. Sau biyu yana yin kamar zai taho, sau biyu numfashina na tsayawa. Gwiwar ta ɗan lanƙwashe, na runtse ido, da na buɗe na ga ta koma ta miƙe.

Can sai igiya ta tashi daga baya ta zarge ƙafar bijimin. Jin igiyar ya sa ya zaburo gaba da dukkan ƙarfinsa. Na ji ƙara, ƙwas! Wannan karon ihun ya fita, har sai da maƙogwarona ya yi kwanaki yana ciwo. Ƙura ta tashi. Da ta lafa sai ga bijimin a ƙasa, ƙarti sun danne shi, ga Baba a tsaye. Tsinin ƙahon ya sami gefen tubar ne a daidai inda ta naɗe haƙarƙarinsa, ya tsaga ta, ya goce. Baba ya yi taga-taga, ya ja baya taku ɗaya, amma bai faɗi ba.

Na isa wurinsa da rarrafe ko da gudu, ban sani ba. Na tarar har yanzu a ƙame yake, idonsa a sama. Na ce, “Baba, an kama shi.” Sai ya ce a hankali, “To, Uwata, zo ki cire mini abin nan. Ƙafafuna sun ƙi jin magana.” Ni da mai shagon muka zare masa ita, aka kawo benci. Ranar ce na fara ganin Baba ya zauna a wurin busa ba a roƙe shi ba. Aka ba shi ruwa ya sha. Ni kuwa na durƙusa a gabansa na yi ta kuka kamar ƙaramar yarinya, ga hijabi duk ƙasa.

Dillalai suka taso da faɗa, kuma da gaskiyarsu, don an sha wuya kafin a kwantar da sauran shanun. Dattijon Bafillacen nan ne ya raba, sannan ya juyo wurin Baba ya ce, “Baba, da girmanka, wa ya ce ka yi kukan bijimi a bayan kara ranar kasuwa? Abin da ka busa, a wurinsu cewa ka yi duk mai ji da kansa ya fito.” Baba ya ba da haƙuri, ya ce shi shekara da shekaru yana busa wa gwamnoni, ba wanda ya taɓa amsa masa sai yau. Aka yi dariya, har da masu faɗan. Ni dai ban yi ba.

Mai shagon yana ta jujjuya tubar yana duban tsagar, yana cewa laifinsa ne da bai hana ba. Ya ce Baba ya ɗauki ƙaramar tagullar in yana so, ya bar masa wannan. Baba ya girgiza kai. Ya ce, “Da Giwa ce a jikina, da tun kafin Bafillacen nan ya gama magana ina ƙasa. Wannan na tsaya da ita har na manta tana nan. Ita za mu ɗauka, da tsagarta.” Sannan ya dube ni. “Ko har yanzu tana saurin datti, Uwata?”

Na share hawaye na ce, “Zan riƙa wanke ta, Baba.”

A mota na rungume ta a cinyata har Gumel, bakinta ya leƙo ta taga, yara na bin mu da kallo. Inna na ganinmu da ita ta harare ni, irin hararar an aike ki kin ci amana. Sai da na ba ta labari ta zauna a bakin gado, daga baya ta ce a kai tubar wurin masu liƙin tankin ruwa a gyara. Liƙin ya fito baƙi a kan fari, muni kam ba a magana, amma Baba ya hana a shafe shi da fenti.

Ya ƙara shekaru masu dama yana busawa da ita, a tsaye, a bayan sahu. Ban daina jin tsoro ba, duk faretin da zai je ina can gefe idona a kan gwiwar hagu. Amma ban ƙara ce masa ya zauna ba. Bai kuma sake faɗuwa ba har Allah ya karɓi abinsa, a kan gadonsa, cikin iyalinsa. Allah ya jiƙansa da rahama. Farar tubar tana rataye a zauren gidanmu, in na je nakan sa yatsa in shafa baƙin liƙin nan.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, mu da muke son Baba mun kusa kashe shi da zama, muna ganin kariya ce. Tsoronmu muka duba, ba shi ba. In tsohonka ya gaji da ɗaukar abin da yake rayuwa dominsa, kada ka ƙwace ka tura ƙarƙashin gado, nemo masa marar nauyi ka bar shi a tsaye. Sai dai in za ku gwada, don Allah ku tambayi masu wuri tukuna, ku kuma yi nesa da kara.